Ranar da Baba Ya Biya Kuɗin Dawa

Shekaranjiya da hantsi ina shanya a tsakar gida, sai wani wari ya tsallako katangar maƙwabta ya same ni. Warin ruwan toka ne da man kaɗanya a kan wuta. Idan kai ɗan yanzu ne ba za ka gane shi ba, cewa za ka yi wani abu ne ya ƙone. Ni kuwa tsayawa na yi da jiƙaƙƙen zane a hannu, don na san sabulun salo ake dafawa. Maƙwabciyar tawa fa ma'aikaciyar asibiti ce mai albashi, amma sabulun kanti ya fi ƙarfin aljihunta, ta koma wa na gargajiya. Rabona da jin warin nan a cikin Kontagora tun kakata tana da rai.

Kakata ta wajen uba ita ce mai sabulun unguwarmu. Gajeruwa ce mai ƙaramar murya, ba ta faɗa, ba ta zagi, amma idan ta kalle ka ta ƙasan ido sai ka tuna duk laifin da ka yi tun makon jiya. Mu tara ne a gidan: ita, da Baba, da Mama, da mu yara shida. Ni ce 'yar ɗakinta, saboda haka yawancin abin da zan faɗa maka da idona na gani, sauran kuma daga bakinta na ji.

Kaka tana da ƙawa guda ɗaya tak a duniya. Wata tsohuwa ce 'yar Kambari daga wani ƙauye ta hanyar Auna, doguwa, mai faɗin kafaɗa, mai dariyar da ake jiyowa tun daga zaure. Mu yara Kakar Ƙauye muke ce mata. Ita Kirista ce, Kaka kuwa ba ta wasa da salla, amma ban taɓa jin zancen ya shiga tsakaninsu ba. Kowace shekara idan an gama girbi, sai mu ga a-kori-kura ta tsaya a ƙofar gida, a sauke buhunan dawa da ƙwaryar man kaɗanya, wani lokaci har da doya. Ta kwana biyu ko uku, su yi ta hira suna dariyar abin da ba mu sani ba. Ranar komawa Kaka ta cika mata kwando da sabulu da gishiri da kanwa, ta ɗora zane ɗaya a kai. Ba a aunawa, ba a tambayar nawa ne. Shekarar da gona ta yi kyau buhuna su yi yawa, shekarar da ba ta yi ba su ragu, kwandon Kaka ma haka, kuma babu mai cewa uffan.

Wata rana tana juya tukunyar sabulu ina kusa ina tura mata itace, na tambaye ta inda ta samo wannan ƙawa.

"A shekarar da kuɗi suka ɓuya," in ji ta.

Ba ta san lissafin shekarun Nasara ba, ita dai ta ce lokacin ba ta fi ni girma ba. Turawan mulki sun daɗe suna kwaɗaita wa mutane noman auduga da gyaɗa, ga masu sikeli suna saye da tsabar kuɗi. Shekara biyu, uku, abin ya yi daɗi, har mahaifinta ya mayar da gonar dawarsa ta auduga, ya bar wa abinci wani ɗan lungu kawai. A ganinsa mai kuɗi ba ya rasa dawa a kasuwa. Sai wata shekara ya ɗora audugarsa a jakin haya ya kai, mai sikeli ya faɗi farashin da bai kai ladan jakin ba. Aka ɗauka wasa yake yi. Ya rantse ya ce shi ma haka aka aiko masa, wai a can ƙasar Turawa mutane sun daina sayen tufa.

"Mamaki ya kama kowa," in ji Kaka. "Mu dai mun san yunwa bayan fari take zuwa, ko bayan fara. Wannan kuwa ga ruwa an yi, ga amfani a gona, ga kuma yunwa a ɗaka."

Daga baya da na yi karatu na zama malamar makaranta, na tarar da shekarar Kaka a cikin littafi, har na koyar da ita a aji. Ashe a can ƙetare ne riba ta bugar da mutane. Kowa na sayen hannun jari da kuɗin banki yana jiran ya tashi, masana'antu na ƙera kayan da suka fi ƙarfin masu saye. Ranar da amana ta karye, kowa ya ruga banki ya karɓi nasa, bankuna suka rufe, masana'antu suka sallami ma'aikata, kowace ƙasa ta toshe ƙofarta kada kayan wata su shigo. Gwamnatocinsu da farko matse hannu suka yi, abin ya ƙara lalacewa. Sai daga baya wasu suka buɗe manyan ayyuka, gina hanyoyi da madatsun ruwa, don dai lada ya shiga hannun talaka ya sami abin saye. Mu a nan ba mu ga wannan ba. Tamu gwamnatin rage ma'aikata ta yi, ta dakatar da ayyuka, amma haraji yana nan, kuma da tsaba za a biya shi. Na koyar da wannan darasi sau ba adadi, amma har yau idan na zo wurin sai in tuna da Kaka. Tsoron da ya kama wani mutum a wani birni da Kaka ba ta taɓa jin sunansa ba, shi ne ya kashe wutar murhun uwarta.

Mahaifinta ya sayar da 'yan awakinsa ya biya haraji, ya tafi kudu neman kuɗi, ya bar mace da 'ya'ya uku da ɗaki cike da auduga. Uwar ta iya sabulu, amma a gari babu mai ko anini na saye. Sai ta bar ƙananan wurin dangi, ta ɗora kwando a ka, ta riƙo hannun Kaka, suka shiga kasuwannin ƙauye a ƙafa. Mutanen can ba su saurari zancen auduga ba, rumbunansu cike suke da dawa, sai dai su ma ba kuɗin gishiri balle na sabulu. A wata kasuwa ƙarƙashin ɗorawa, wata mata mai 'ya sa'ar Kaka ta ɗauki curin sabulu ta shinshina, ta kalli ƙafafunsu da suka farfashe, ta cika musu ƙwarya da dawa har tana zuba, ba tare da ta auna ba. Ta tambaye su inda za su kwana. Kwana bakwai suka yi a gidanta. Ranar da za su taho, iyayen biyu suka kama hannuwan 'ya'yansu suka haɗa, aka ce musu daga yau babu ciniki a tsakaninsu. Yarinyar nan ita ce Kakar Ƙauye.

To, Baba ya san labarin nan sarai, amma saninsa irin na tatsuniya ne. Shi ma'aikacin gwamnati ne, yana kula da sito a wata ma'aikata, kuma ya yi tashe a zamanin kuɗin man fetur. Allah ya ji ƙan Baba, mutumin kirki ne, sai dai a lokacin kansa ya ɗan yi girma. Ya sayi babur, ya sayi rediyo mai kaset, shinkafar waje buhu-buhu, madarar gwangwani kuwa har mu yara mun fara yi mata yanga. Tuwon dawa ya zama abincin Kaka ita kaɗai. Ina tunawa Mama tana watsa wa kaji dawar ƙauye idan Kaka ta ba da baya.

Shekarar da abin ya faru ina 'yar bakwai. Kakar Ƙauye ta iso da kayanta ta tarar Kaka ta tafi gaisuwar mutuwa wata unguwa. Baba ne a zaure tare da abokan aikinsa biyu. Ya tarbe ta da fara'a, ya sa aka shimfiɗa mata tabarma, aka kawo ruwa. Sannan ya dubi buhunan, ya dubi tsufanta, tausayi ya kama shi. Na tabbata tausayi ne. Ya ce, "Iya, nawa ake sayar da buhu yanzu a kasuwarku?" Ya sa hannu a aljihu ya zaro sababbin takardun kuɗi ya danƙa mata a gaban baƙin nan, ya ce ta riƙe, kuma ta daina wahalar da kanta, mu yanzu shinkafa muke ci.

Ta daɗe tana kallon abin da ke hannunta. Daga nan ta ɗaga gefen tabarma ta sa su a ƙasa, ta miƙe, ta gyara zanenta. Ruwan ma ba ta sha ba. Direban bai riga ya juya ba, ta koma cikin motar da ta kawo ta.

Da Kaka ta dawo ta ji, sai ta zauna a bakin ƙofarta. Baba ya zo yana bayani, yana cewa, "Inna, taimakonta fa na yi." Ta ɗauko muciyar sabulu ta turo masa kuɗin da ita, ko taɓa su ba ta yi da hannu ba.

"Shekara hamsin tana shigowa gidana," ta ce, "ba ta taɓa zama mai talla ba sai yau."

Ta ce shi ya ɓata, shi zai taka ya je ya ba da haƙuri, ita ba za ta je ta gyara abin da ba ta yi ba. Baba ya yi dariya ya ce wannan ai ƙauyanci ne, fushin tsofaffi kwana biyu ne. Girbi ya zo, a-kori-kura ba ta tsaya ba. Wani girbin ya zo, shiru. Na uku ma haka. Duk shekara Kaka tana cika kwandonta ta rufe, ya yi ta zama a bayan ƙofa har sabulun ya bushe ya tsattsage.

A cikin waɗannan shekaru ne rediyon Baba ya fara canza murya. Aka ce farashin mai ya faɗi a kasuwar duniya. Baba ya riƙa yi wa Kaka bayani kamar yana aji: ƙasa ta jingina da mai kaɗai, an bar gona, shinkafa da sukari da sabulu duk daga waje ake sayowa da kuɗin man, yanzu kuɗin sun ƙafe. Kaka ta gama saurare ta ce, "Wato audugarsu ce ta faɗi."

Gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Aka hana shigo da kaya, kantuna suka wayi gari fayau, shinkafa da madara da sabulu suka koma sai an yi layi. Aka canza launin takardun kuɗi, mutane suka yini a ƙofar banki. Sai aka fara rage ma'aikata, kuma Baba yana cikin waɗanda aka miƙa wa takarda. Kamar hakan bai isa ba, damina ta ɗauke da wuri a shekarar, dawar da muke watsa wa kaji ta zama abin da ba ma iya tunkara a kasuwa. Babur ya tafi. Kwanonin jeren Mama suka bi shi ɗaya bayan ɗaya. Wata rana Baba ya fita layi tun da sanyin safiya, ya dawo bayan la'asar da yagaggiyar riga da gwangwanin madara ɗaya, mu tara.

Ba zan manta farkon daminar da ta biyo baya ba. Gari ya yi kore shar, ƙasa tana ƙanshi, mu kuwa kunu muke sha sau ɗaya a yini, kunun da kana iya hango gindin kwano ta cikinsa. Autanmu ya daina kuka. Wannan shi ya fi tayar wa Mama hankali, don da yana kuka ta san akwai sauran ƙarfi. Gashinsa ya yi ja, ya riƙa zama wuri ɗaya yana bin mu da ido.

A cikin wannan hali rediyo ya ce gwamnati tana kira kowa ya koma gona. Baba yana zaune ya haɗa kai da gwiwa, ba gona, ba iri, ba fartanya. Kaka ta fito daga ɗaki da mayafinta a kafaɗa.

"Ka ji gwamnatinka," ta ce. "Ni dai gona ɗaya na sani."

Baba ya ɗago ya ce, "Inna, da wane ido zan kalle ta?"

"Da wanda ka tambaye ta farashi da shi."

Washegari muka kama hanya mu uku. Ban san dalilin da ya sa ta ce sai da ni ba, na ɗauka don in riƙe mata buta ne. Mota ta sauke mu a bakin titi, muka shiga 'yar hanyar ƙafa tsakanin gonaki, dawa ta kai gwiwa, ciyawa tana jiƙa mana zane. Kaka tana gaba, ga tsufa ga yunwa, amma ba ta tsaya hutawa ba. Baba yana baya. Ni dai ina tunanin idan aka kore mu me za mu gaya wa Mama.

Mun sami Kakar Ƙauye a gindin mangwaro tana ɓare gyaɗar iri. Ta ɗago ta gan mu, hannunta ya tsaya. Baba ya tuɓe takalmansa tun daga nesa, ya zo ya durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, mutumin da ko a ofis ba ya zama sai an goge masa kujera. Ya ce, "Iya, na yi kuskure. Ban san abin da na taɓa ba." Ba ta ko kalle shi ba. Kaka take kallo, daga sama har ƙasa.

"Kin rame," ta ce.

"Ke ma ai ba ki ƙara kyau ba," in ji Kaka.

Sai dariyar nan ta ɓarke, amma da hawaye a cikinta. Ta shiga ɗaki ta fito da wata tabarma a naɗe da buta, waɗanda ta daɗe da ware wa Kaka don salla. Sannan ta ƙwala wa babban ɗanta kira ta yi masa magana da yarensu. Na ga ya ɗan yi jim, ya ɗauko tsani ya nufi wani rumbu da ke can gefe shi kaɗai, an liƙe bakinsa da laka. Ya hau ya cire jinkar, ya fasa lakar da gatari. Ƙanshin tsohuwar dawa da toka ya bugi hancina.

Ya fara miƙo dammuna. Na sama jajaye ne masu haske, na bara. Na ƙarƙashinsu sun ɗan dushe. Na can ƙasa sun yi duhu, amma ko ƙwaro ɗaya babu. Ana saukewa ana jerawa a gaban Kaka, har suka tare mana hanya. Rabon girbi uku ne, kowace shekara da nata, har da shekarar da ruwa ya ɗauke.

Ɗan nata ne ya ba Baba labari daga baya, ina jin su. Ya ce 'yan kasuwa sun zo da manyan motoci suna ba da kuɗin da ba a taɓa ji ba. Su kansu sun rage cin abinci kafin sabon amfani ya fito. Shi da ƙannensa sun yi juyin duniya ta bari a buɗe rumbun, suna cewa mutanen birni sun manta da ita. Ta ɗauko kujerarta ta dasa a gindinsa ta ce ba nata ba ne balle ta bayar.

Sai a lokacin ta juyo ta dubi Baba. Da Hausarta mai ɗanɗanon Kambarci ta ce, "Da kai na yi fushi. Ban yi fushi da tukunyar ƙawata ba. Tashi, gwiwarka za ta yi ciwo."

Baba bai iya tashi ba. Zama ya yi daɓas a cikin laka ya rufe fuska da hularsa, kafaɗunsa suna rawa. Ranar na fara ganin kukan Baba. Ni kuwa tsoro ne ya kama ni, irin tsoron da ke kama mutum idan ya tsaya kusa da abin da ya fi shi girma nesa ba kusa ba. Ƙasa guda da ma'aikatunta da rediyonta ta kasa ajiye mana abincin wata ɗaya, ga tsohuwar da ba ta san karatu ba ta ajiye na shekara uku, tana cikin fushi.

Autanmu ya warware ya tashi, yau shi ma yana da jikoki a hanya. Baba ya yi damina biyu a ƙauyen yana noma gonar da suka yanka masa, hannuwansa suka yi kanta, 'ya'yan Kakar Ƙauye suna tsokanarsa wai yana riƙe fartanya kamar biro. Amma kafin mu taho a wancan zuwan, tsofaffin nan biyu suka kira ni. Akwai wata jikarta sa'ata, siririya mai wushirya, da ta yi ta leƙena ta bayan rumbu. Suka kama hannuna da nata suka haɗa. A nan na gane ba don buta aka zo da ni ba.

Yanzu ga mu kuma. Mai ya yi tsada, naira ta zube, ana rabon tallafi ana turereniya, rediyo yana ta kawo sababbin kalmomi. Ni da na yi shekara talatin ina riƙe da alli, zan iya zana maka dalilan duka a kan allo, in nuna maka inda kowace gwamnati ta yi daidai da inda ta kauce. Abin da ba zan iya zana maka ba shi ne nawa laifin. Muddin tsofaffin suna raye mun riƙe abin, ni da ƙawata. Bayan sun rasu sai aure, sai canjin wurin aiki, sai 'ya'ya. Sau biyu ta aiko mini da buhu ta hannun direba ban mayar da komai ba, ina cewa baɗi zan je da kaina. Daga nan buhu ya daina zuwa. Da hanya ta fara ban tsoro sai na sami uzurin da nake fakewa da shi. 'Ya'yana huɗu, babu wanda ya san sunan ƙauyen.

A watan jiya na haɗu da wata mata 'yar yankinsu a kasuwa, ta ce ƙawata tana nan da ranta, tana noma, har takan tambayi labarina. Tun ranar nake cewa zan je, ina ɗagawa. Idan na tarar ta manta da ni, wannan zan iya ɗauka, na cancanta. Abin da ban san yadda zan yi da shi ba shi ne in je ta kira ɗanta ta ce ya ɗauko tsani.